Jar Riga

Ranar da na sauka Agege daga bayan motar albasa,
jaka ɗaya, da lambar Mudi a guntun takarda,
kafin a tambaye ni ko na ci abinci
sai aka ce: kai, wace ƙungiya kake yi?

Na dubi ɗakin. Mutum takwas, tabarma uku,
bango ya sha hotunan masu gajeren wando.
Mudi na sanye da jar riga,
kuma makullin ɗaki a aljihunsa yake.
Na ce: ja.
Aka tafa, aka miƙo mini shayi.
Da kalma ɗaya na sayi wurin kwanciya.

Shekara huɗu ina biyan bashin kalmar nan.
Duk Asabar, kuɗin shiga a ƙofar gidan kallo,
rumfar kwano, janareto yana tari,
gumi a kan gumi, benci yana kuka.
In sun yi ihu, in yi ihu.
In sun dafe kai, in dafe nawa.
Wani lokaci nakan makara da numfashi guda,
sai in fake da gyaran hula.
Na haddace sunayen mutanen da ban san garinsu ba.
Na yi kwana uku ina gaba da Sagiru
don kawai rigarsa shuɗiya ce,
alhali shi ya goya ni zuwa kemis
ran da buhu ya danne mini ƙafa a kasuwa.

Ni kuwa tattabaru nake so.
Tun ina yaro, bayan rumbun kakata,
nake son yadda namijin ke kumbura wuya
yana zagaye matarsa kamar mai bin bashi.
Wa zan gaya wa wannan a Ikko?
Na sayi biyu a ɓoye, fara da mai ruwan toka.
Iya Risi ta ba ni lungun saman bene, kusa da tanki,
ta ce in dai ba za su ɓata mata shanya ba.

Daren wasan ƙarshe hadari ya haɗo daga teku.
Na tuna akurkin ba shi da rufi,
ga farar tana kwance a kan ƙwai.
Na miƙe.
Mudi ya riƙo hannuna: ina za ka, saura minti goma?
Ƙarya ta zo bakina, irin wadda na saba,
ciwon ciki, kiran waya, baƙo daga gida.
Sai na ji na ce: tsuntsayena za su jiƙe.

Dariyar ta fi ta cin ƙwallo ƙarfi.
Har mai karɓar kuɗi sai da ya riƙe ciki.

Na haura bene ruwa na dukana.
Ba leda, ba buhu, ba kwali.
Na tuɓe jar rigar na lulluɓe akurkin,
na tsuguna gefe, ba riga, ina rawar sanyi.
Ran nan ta fara yi mini amfani.

Sun sa mini suna Sarkin Tsuntsaye.
Mako uku ana shan shayi ba a kirana,
kuma ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba.
Har yau gaisuwar Mudi daga nesa take.

Yanzu su goma sha ɗaya ne.
Ran Asabar ina sama, da gero a tafin hannu.
In ihu ya tashi daga rumfar kwano
sai su firgita, su tashi gaba ɗaya,
su zaga kan layin dogo, kan motocin haya masu ruwan ɗorawa,
su dawo.
Ban san wa ya ci ba.

Jiya Sagiru ya hauro, wai shanya ya zo nema.
Ya daɗe a tsaye.
Can ya ce: waccan mai zobe a wuya,
me take ci?